“Get”: Ƙaramar Kalma Mai Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasar Hausa, tun yana firamare aka gaya masa cewa ma'anar “get” ita ce samu. Malam ya rubuta a allo, yara suka kwafa, aka wuce. Ba ƙarya aka yi musu ba, amma abin da aka ba su bai kai rubu'in labarin ba. Yaron zai girma, ya zauna gaban fim ɗin Amurka, ya ji an ce “it is getting dark”, ya tsaya yana lissafin wa ke samun duhu, kuma me zai yi da shi in ya samu. Alhali mai maganar cewa kawai yake magariba ta kawo jiki, gari ya fara duhu.

Kada a rikice, ba get ɗin da maigadi ke buɗewa nake nufi ba. Wancan “gate” ne a bakin masu harshen, mu muka datse shi da muka aro, muka koma cewa ina bakin get. Wadda nake magana a kanta aikatau ce mai haruffa uku, kuma da wuya Bature ya yi hira mai ɗan tsawo bai furta ta ba. A 2006 masu haɗa ƙamus na Oxford sun ƙirga kalmomin da aka fi amfani da su cikin tarin rubuce-rubuce mai kalmomi biliyan ɗaya. A jerin aikatau, “get” ce ta biyar. “Be”, “have”, “do” da “say” ne kaɗai ke gabanta. Babban littafin nahawu na Longman da ya fito a 1999, wanda ya ware Turancin baka da na rubutu ya auna kowanne, ya nuna abin da ya fi shafarmu: a hirar yau da kullum tana sahun gaba, a rubutun malaman jami'a kuwa ba ta da yawa. Mu kuma yawancinmu daga takarda muka koyi Turanci. Shi ya sa za ka ga mai digiri ya san “acquire” da “procure”, amma a ce masa “I can't get over it” sai ya yi zuru.

Asalinta ma baƙuwa ce a Ingila. Mutanen arewacin Turai, daga inda Denmak da Norwe suke a yau, waɗanda tarihi ya sani da suna Baikin, su suka zo da ita. Sun fara da hari ta teku, wanda ya fi shahara shi ne na tsibirin Lindisfarne a shekara ta 793. A 866 suka kama birnin Yok, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, suka yi noma, suka yi auratayya. A harshensu ana cewa “geta”. Ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekara ta 1200, kuma daga wannan zaman ne Turanci ya sami “take”, “egg”, “sky” da “they”. Tsohon Turanci yana da 'yar'uwarta, amma a maƙale cikin wasu kalmomi. Ita ce har yau ke cikin “forget”.

Yawan ma'anoninta bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin muna da irinta a gida. Dubi ci. Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin bashi, muna cin jarrabawa. Ana cin zaɓe, ana cin amana, ana cin mutunci. Wuta ta ci rumfa, babbar riga ta ci yadi, alƙali ya ci mutum tara. Baƙon da ya haddace cewa ci shi ne kai loma baki zai sha mamaki ranar da ya ji an ce Kano Pillars ta ci Enyimba. Mu ba ma rikicewa, saboda kunnenmu ba ya tsayawa a kan ci, yana jiran abin da zai biyo baya. Haka Bature yake yi da “get”. Kamar ɗan dako take a Kantin Kwari: ba a gane aikin da ya ɗauko daga fuskarsa, sai daga kayan da aka ɗora masa. Saboda haka duk inda ka ci karo da ita, bar ta tukuna, duba abin da ke bayanta.

In suna ne ya biyo ta, to a nan ne fassarar firamare ke aiki, ko da yake ita ma tana da rassa. “I got a letter”, wasiƙa ta zo mini. “I got a new phone”, na yi sabuwar waya, ba a faɗi ko saye na yi ko kyauta aka ba ni ba. “Get me some water”, ɗebo mini ruwa, wato ka je ka zo da shi. Har ciwo ma Bature samunsa yake yi: “she got malaria”. Mu a wajenmu zazzaɓi ne ke kama mutum, shi ya sa yaranmu ke rubuta “malaria caught me”, suna juya Hausa kai tsaye. Abin da ake samu ba lallai ne ya zama na riƙewa a hannu ba. “I get it” na nufin na gane. “I didn't get your name” ba cewa ba ce sunanka bai iso ba, ban ji shi da kyau ba ne, sake faɗa. In waya na ƙara wani ya ce “I'll get it”, bari in ɗauka yake nufi. In a gidan abinci ne aka kawo takardar kuɗi ya faɗi haka, to ka mayar da hannunka daga aljihu, shi zai biya. A kula kuma da waɗannan biyun: “I'll get you a chair” karamci ne, zan kawo maka kujera. A cire kujerar a bar “I'll get you”, ya zama za ka gamu da ni.

In sifa ce ta biyo ta, babu zancen samu kuma, an koma zama. “Get tired”, gaji. “Get old”, tsufa. “Get better”, samun sauƙi, abin da ake rubuta wa majinyaci ke nan a “get well soon”. A nan ne, a ganina, ainihin ran kalmar yake. “He is angry” yana gaya maka halin da mutum ke ciki, yana fushi. “He got angry” yana nuna maka lokacin da ya shiga halin, ya fusata. Hausa na yin wannan bambanci ba tare da wahala ba: yana da aure daban, ya yi aure daban. Na farko “he is married”, na biyu “he got married”. Tun da aure ya shigo, bari in tsaya a kan wani tuntuɓe da nake gani kullum a takardun ɗalibai. Saboda muna cewa aurenta da soja, sai su rubuta “she got married with a soldier”. Daidai shi ne “to a soldier”. Bature yana ajiye “with” ne don 'ya'ya: “married with three children”, mai aure da 'ya'ya uku.

In wuri ne ya biyo ta, isa ake nufi. “We got to Zaria at noon”, mun isa Zariya da tsakar rana. “How do I get to the market?”, ta ina zan bi in je kasuwa? Abu ɗaya kawai za a riƙe: “home”, “here” da “there” ba sa son “to” a gabansu, “I got home late” ake cewa. Wanda ya lura zai ga zare ɗaya ne ya ratsa duka ukun. Da ba ka da abu, yanzu kana da shi. Da ba haka kake ba, yanzu ka zama. Da ba ka can, yanzu ka isa. Aikin “get” nuna sauyi ne.

Yanzu ga wurin da Hausa da Turanci suka fi raba hanya, kuma wurin da na fi jin daɗin koyarwa. Bayan hutun sallah na taɓa ba 'yan ajina aikin rubuta yadda suka yi bikin. Wani yaro mai ƙoƙari, mai kyan rubutun hannu, ya fara da “My father sewed new clothes for all of us”. Na kira shi gaban tebur na ce, “Ashe babanka tela ne?” Ya zaro ido ya ce, “A'a Malam, hatsi yake sayarwa.” Na ce, “To wa ya hau keken?” Ya ce, “Tela mana, Malam.” Aji ya fashe da dariya, shi kuwa ya tsaya yana duba jimlarsa bai ga laifinta ba. Kuma da gaskiyarsa, domin a Hausa babu laifi. Baba ya ɗinka mana kaya, Alhaji ya gina gida, na yi aski: duk mun san tela ne ya ɗinka, magina suka ɗora bulo, wanzami ya riƙe aska. Hausa na ba da aikin ga wanda ya biya kuɗi. Turanci ba ya yarda da haka. In ka ce “I cut my hair”, Bature zai hango ka gaban madubi da almakashi a hannu. Abin da zai ce shi ne “I got my hair cut”, na je an yi mini aski. Jimlar yaron nan kuma ta zama “My father got new clothes made for us”. Tsarin ba ya canzawa: “get” a gaba, abin da aka yi wa aiki a tsakiya, sai siga ta uku ta aikatau a ƙarshe, wadda muka haddace a “go, went, gone”. “I got my car repaired”, na kai mota an gyara.

Da wannan tsarin Boris Johnson ya yi yaƙin neman zaɓen Birtaniya na Disambar 2019. Takensa kalmomi uku ne, “Get Brexit Done”, wato a yi a gama da zancen ficewa daga Tarayyar Turai. Taken bai faɗi wa zai yi ba, bai faɗi ta yaya ba, ya dai yi alkawarin za a wayi gari an gama, ga jama'ar da ta gaji da ja-in-ja tun ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Jam'iyyarsa ta sami kujeru 365 cikin 650.

In mutum ne a tsakiya maimakon abu, sai a sa “to”: “I got him to sign”, na shawo kansa ya sa hannu. Akwai lallashi ko dabara a ciki. In tilas ce, “I made him sign” ake cewa, kuma babu “to”. Mu duka biyun muna iya cewa na sa shi ya sa hannu, shi ya sa ake cakuɗa su.

Akwai kuma inda take tsayawa a madadin an yi wa wane kaza: “he got arrested”, “she got sacked”, “they got caught”. Galibi abin da ba a so ne ke zuwa ta wannan hanya, kamu da kora da rauni, ko da yake ana cewa “he got promoted”. In kuwa aka ce “he got himself arrested”, an ɗora masa laifi ke nan, shi ya jawo wa kansa.

Sai 'yan ƙananan kalmomin nan da ake liƙa mata, “on”, “off”, “in”, “out”, “over” da sauransu. Na ababen hawa suna da ƙa'ida mai sauƙi. Abin da ake ɗarewa a kai, kamar acaɓa, keke ko doki, da abin da mutum ke iya miƙewa ya yi tafiya a cikinsa, kamar babbar bas, jirgin sama ko jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, “get on” ake yi, a sauka da “get off”. Abin da sai an sunkuya a shiga a zauna, kamar tasi ko ƙaramar mota, “get in” ne da “get out of”. Mu a Najeriya duka mun haɗa mun ce “get down”, saboda sauka muke fassarawa. A Ingila wanda ya hau bishiya ko tsani shi ake cewa ya “get down”. Ban ɗauki wannan babban zunubi ba, kowa a Kano da Legas zai fahimce ka, amma mai duba takardar jarrabawa yana iya jan jan biro a kai.

Waɗanda ba su da ƙa'ida su ne na karin magana, kuma ba su da magani sai haddacewa ɗaya bayan ɗaya, a cikin jimla. “Get over” shi ne farfaɗowa daga ciwo ko baƙin ciki. “Get by” shi ne lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, abin da muke kira maneji. “Get along with” jituwa ce. “Get away with” shi ne mutum ya yi laifi ya sha, ya ci bulus. “Get back at” ramuwa ce, amma “get back to” waiwaye ne: “I'll get back to you”, zan neme ka. Wanda ya taɓa kai takardar neman aiki ofis ya san nauyin wannan alkawari. Biyu daga cikinsu kuma wuta ne. “I got lost” na nufin na ɓata hanya, amma ka dubi mutum ka ce masa “get lost”, ɓace mini da gani ka ce. Haka “get out” in ta tsaya ita kaɗai kora ce. Direban da ya kawo dattijo ƙofar gidansa ya ce masa “get out, sir” da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya zage shi. “We are here, sir” ta wadatar.

“Got” kuma tana da nata rikicin. Siga ce ta abin da ya wuce, amma “I have got a car” ba labarin jiya ba ne, ina da mota ne yanzu. Shirin talabijin ɗin nan da aka fara a 2007, Britain's Got Talent, cewa yake Birtaniya na da masu basira. “I've got to go” dole ce, tilas in tafi, ita ce ake murƙushewa a fim ta koma “gotta”. Amma “I got to see the Emir”, in ana ba da labarin abin da ya wuce, dama ce: na samu na ga Sarki. A nan Hausa da Turanci sun yi kiciɓis, domin mu ma muna cewa ban samu zuwa ba, “I didn't get to go”.

Ana yawan tambayata ko “gotten” kuskure ce. Ba kuskure ba ce, tsohuwar siga ce. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 sun tafi da ita suka riƙe, na Ingila suka yar da ita, sai ragowarta a “forgotten” da “ill-gotten”, wato dukiyar haram. Ba'amurke yana cin moriyar duka biyun: “I've got money”, ina da kuɗi, “I've gotten money”, na samo kuɗi. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, don haka a jarrabawa “got” ta fi aminci, ko da yake fina-finai da intanet sun cika bakin yaranmu da “gotten”. Su kansu Turawan Ingila suna fama da wannan ambaliya. A 2011 BBC ta tattara salon Amurka guda 50 da masu karatunta suka ce suna ƙona musu rai, kuma na farko a jerin shi ne shiga kanti a ce “Can I get a…” maimakon “Can I have”. Ƙorafin da akan ji shi ne, in kai za ka ɗauko da kanka, me mai kantin yake yi a wurin?

Ta ɓangarenmu kuma akwai Turancin buroka, wanda ya ba kalmar aikin da ba ta da shi a Ingila. “I no get money”, ba ni da kuɗi. “E get one man”, akwai wani mutum. A buroka wannan daidai ne, harshe ne mai ƙa'idarsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Matsala na zuwa ne in aka kwaso shi zuwa ɗaya gidan. “I get two brothers” ba ta zauna ba a Turancin makaranta. “I have” ko “I've got” ake so. In Bature ya ce “I get” haka tsirara, yawanci abin da ke maimaituwa yake nufi: “I get headaches”, nakan yi ciwon kai.

Da yawa daga cikinmu mun tashi a hannun malaman da ke cewa “get” kalmar ragwaye ce, kada a kuskura a sa ta a insha'i. Dokar ba a nan aka ƙirƙiro ta ba, daga azuzuwan Ingila aka gado ta, kuma tana da ɗan gaskiya. A wasiƙar neman aiki, ko rahoton ofis, ko amsar tambayar WAEC da ta ce a rubuta wa shugaban makaranta, “I received your letter” ta fi “I got your letter” dacewa, “obtain”, “become” da “arrive” kuma sun fi fayyace abin da ake nufi. Amma an wuce gona da iri. Hanin ya haifar mana da masu Turancin da ke jin kunyar ƙaramar kalma, waɗanda za su ce “I procured a loaf of bread” a teburin mai shayi, su ɗauka sun burge. A kunnen mai harshen, wannan abin dariya ne. Kuma akwai wuraren da babu wata kalmar da za ta maye gurbinta ba tare da jimlar ta sandare ba: ba wanda ke cewa “I became dressed” ko “we became married”.

Roƙona ga 'yan'uwana malaman Turanci, musamman na ƙananan azuzuwan sakandare, shi ne a daina rubuta “get” da samu a allo a wuce. A ware mata mako guda cur. A fara da ci da sha, a bar yara su kawo misalansu da Hausa har su gaji, sannan a shiga “get” da suna, da sifa, da wuri, da labarin tela. Jadawalin darasi ba zai rushe ba saboda mako ɗaya.